Tambaya da Amsa: Rufin Motar Kwana Ya Tsage, Faci Ya Dace ko Sabon Rufi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah Ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, ina sayen shinkafa shanshera da albasa, kuma harkar kan kai ni Aliero da Bunza da Suru, wani lokaci har Kamba da Yawuri, inda nakan yi kwana biyu ko uku ban koma gida ba. Saboda wahalar masauki, shekara huɗu da suka wuce na sayi wata tsohuwar mota 'yar Beljiyam, ƙirar Fiat Ducato, irin wadda Turawa ke fita hutu da ita, mai gado da wurin girki a ciki. A farkon daminar bana iska ta karya reshen dogon yaro ya faɗo a kan rufinta, ya tsaga shi kamar taƙi ɗaya kusa da tagar sama. Wani mai gyaran jikin mota ya liƙa mini tef mai kwalta, ya bi gefensa da silikon, aka yi mako biyu lafiya, sannan yoyo ya dawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yanzu ba ta ƙarƙashin tsagar ruwan ke ɗiga ba, ta kusurwar da ke saitin gado yake saukowa. Don kada in ɓoye maka komai, tun kafin faɗuwar reshen, damina biyu ke nan ina ganin wani tabo mai launin ƙasa a silin kewaye da tagar, ga warin danshi idan motar ta kwana a rufe. Yanzu shawara ta rabu biyu. Wani ya ce a sake facin da faiba, wato zaren gilas da ake jiƙawa da wani ruwan gam ya daskare, kuɗin kaɗan ne. Wani mai walda kuma ya ce in daina ɓata kuɗina, a yaye rufin gaba ɗaya, a ɗaura ƙarfe a buga kwanon rufin gida. Wace hanya zan bi?

Mai karatu daga Jega, Jihar Kebbi

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar da alheri, mun kuma gode Masa da reshen bai faɗo kana ciki ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a ganina maganar da ka ajiye a ƙarshe ita ce ta fi nauyi. Tsagar taƙi ɗaya ƙaramin abu ce, ana gyara ta a yini guda. Tabon da ya yi damina biyu a silin da warin danshin nan su ne ke gaya mana cewa ruwa ya riga reshen shiga motarka. Saboda haka ba girman tsagar ne zai yanke maka hukunci ba, halin da katakon da ke ƙarƙashinta yake ciki ne zai yanke, kuma babu mai iya sanin wannan sai an buɗe an gani. Duk wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya yanka maka farashi, ko na faci ko na sauyi, kirdado ya yi.

Ya kamata ka san yadda aka ƙera abin da ke saman kanka. Kan motar da injinta na Fiat ne, amma ɗakin da ke baya wani kamfani daban ne ya ɗora shi, kuma ba ƙarfe ba ne irin na bas ɗin haya. A yawancin tsofaffin motocin kwana na Turai rufin hawa uku ne da aka manne da gam: a waje akwai falle siriri na alminiyam wanda kaurinsa bai cika kai milimita 1 ba, a tsakiya akwai farin soso mara nauyi irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a cikin kwali, an kewaye shi da sandunan katako, a ciki kuma akwai siririn filawud wanda kake gani a matsayin silin. Ko wanne ɗaya daga cikin ukun nan, idan ka ware shi, da hannu za ka lanƙwasa shi ko ka karya. Ƙarfinsu yana cikin mannuwarsu da juna. Da zarar ruwa ya shiga tsakani, gam ya saki, katako ya sha ya ƙoshi, to rufin ya rasa ƙarfinsa ko da daga waje yana sheƙi. Sababbin ƙira sun fi amfani da faiba a waje, na Amurka kuma da yawansu shimfiɗar roba ce a kan filawud, amma tunda taka tsohuwar ƙirar Turai ce, na ɗauka alminiyam ne, kuma a kansa zan yi bayani.

Wannan tsari shi ne ya warware abin da ya ɗaure maka kai. Ruwa idan ya ratsa fallen waje ba ya zubowa nan take, domin soson ba ya barinsa ya wuce. Sai ya kwanta a kansa, ya bi gefen sandar katako ko hanyar wayar wuta, ya gangara duk inda motar ta karkata, har ya sami gaɓa ko ramin kusa ya ɗigo. Yana iya shiga ta gaba ya fito ta baya da tazarar mita biyu. Kusurwar gadonka mafita ce kawai, kuma idan aka toshe ta daga ciki an tsare ruwan ne a cikin katako.

Ta ina ya fara shiga tun kafin reshen? Ina kyautata zaton ta gindin tagar sama. Waɗannan tagogi, waɗanda mafi yawansu faɗin raminsu santimita 40 ne a kowane gefe, ana zaunar da su ne a kan wani gam mai danƙo, a ɗaure da sukurori a cikin katako. An yi gam ɗin ne da lissafin yanayin Turai, sai ga motar ta zo ƙasar da a watan Afrilu zafin inuwa ke haura digiri 40, balle fallen ƙarfen da ke kallon rana tun hantsi. Alminiyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Falle mai tsawon mita 6, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yakan ƙara tsawo da fiye da milimita 5, da dare kuma ya koma. Kullum sai ya yi wannan kai da komowa, yana jan gam, yana girgiza sukurori, ga gargadar hanyoyinmu na ƙauye. Gam ɗin da ya tsufa ya bushe sai ya tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga yadda za ka bincika, kuma ina so ka tsaya da kanka a yi a gabanka. Fara daga ciki: bi silin da tafin hannu kana dannawa, taƙi bayan taƙi, daga tagar zuwa kusurwar gado, sannan ka bi duk inda rufi ya haɗu da bango, har cikin akwatunan ajiya na sama, domin can ne ɓarna ta fi ɓuya. Wuri mai lafiya yana da tauri, idan ka ƙwanƙwasa da bayan sukundireba zai ba da sauti ƙwas. Wurin da ya lalace yana lotsawa, sautinsa a dushe. Daga nan a kwance firam ɗin tagar na ciki, sukurori kaɗan ne, sai ga hawa ukun nan a fili kamar an yanka burodi. Soka bakin sukundireba a katakon da ke kewaye da ramin. Idan ya tsaya a baki, madalla. Idan ya nutse, katakon ya mutu. Akwai wata 'yar na'urar auna danshin katako mai allura biyu. Idan ka samu aro wurin masu harkar katako, ƙa'idar da masu duba irin waɗannan motoci ke bi ita ce ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya ne, daga kashi 20 zuwa sama akwai matsala, domin daga nan ne ruɓa ke samun wurin zama, idan kuma ya haura kashi 30 to katakon a jiƙe yake sharkaf. Wanda zai hau sama ya shimfiɗa faffaɗan katako ya durƙusa a kai, kada ya taka rufin da ƙafa kai tsaye. Ya duba fallen da kyau a hasken safiya ko akwai farin gari da ƙananan huji kamar na allura, musamman kewaye da sukurori, domin haka alminiyam ke ciwo idan ya daɗe yana shafar jiƙaƙƙen katako ko baƙin ƙarfe. A ƙarshe a yi gwajin ruwa: mutum ɗaya a ciki, ɗaya a sama da buta ko mesa, a fara zubawa daga wuri mafi gangare, a dakata minti goma a kowane wuri kafin a matsa gaba. Idan aka kwarara ruwa ko'ina lokaci guda, za a ga yoyo amma ba za a san ƙofarsa ba.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a Birnin Kebbi ana buɗe irin wannan mota, wadda mai ita ya yi ta yi mata faci damina bayan damina. Daga waje rufin fari ne tas. Da kafinta ya ɓamɓare silin, sai wani baƙin ruwa ya zubo masa a hannun riga, sandar da ke riƙe da tagar kuma ya damƙo ta da yatsu uku ta marmashe kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Sukurorin suna nan a jere, sun yi tsatsa, ba sa riƙe da komai sai iska. Mai motar ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Abin da ya kashe a faci biyar ya isa ya gyara wurin tun yana ƙarami, kuma a ƙarƙashin wannan baƙar funfuna yake kwana yana shaƙa.

To yaushe faci ya isa? Idan ka buɗe ka tarar katako yana da tauri, soso a bushe yake ko danshinsa bai wuce kewayen tsagar ba, fallen waje kuma ba shi da hujin allura, to faci ya isa, kuma facin da aka yi bisa ƙa'ida yana iya kai motar ƙarshen rayuwarta. Amma ba irin wanda aka yi maka ba. Tef mai kwalta yana da amfani a kwanon gida da ke zaune wuri ɗaya. A kan mota kuwa rana tana narkar da shi, iskar gudu tana ɗaga bakinsa, ruwa ya shige ƙarƙashi ya kwanta. Silikon ɗin da ake sayarwa barkatai, mai warin tsami, ba ya kama alminiyam da kyau na tsawon lokaci, kuma babban aibinsa shi ne babu wani gam ko fenti da ke kama wurin da ya taɓa, har shi kansa ba ya kama tsohonsa. Don haka aikin farko shi ne a kankare su duka har sai ƙarfe ya fito fes. Idan za a goge ragowar kwalta da kananzir, a jiƙa tsumma kaɗan ne kawai, kada ya gangara cikin tsagar, domin fetur da tina da makamantansu suna cinye farin soson nan, sannan a bi da sifirit a cire maiƙon.

Bayan wurin ya bushe sarai, a huda ɗan rami na milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar, wannan ne ke hana ta ci gaba da tafiya. A yanko fallen alminiyam wanda ya zarce tsagar da aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa, a goge fuskokin biyu da sanfefa, a share da sifirit. A manne shi da gam na jikin mota mai zama kamar roba idan ya bushe, irin su Sikaflex 221 ko 522, kuma a bar kaurin gam ɗin ya kai milimita 2 zuwa 3, kada a matse shi har ya fice, domin kaurin nan ne ke ba shi damar bin miƙewar ƙarfe ba tare da ya yage ba. A ɗora jakar yashi a kai kwana ɗaya ko biyu, a bi gefen da gam, a shafa farin fenti. Ba a bukatar kusa ko ɗaya, kowace huda sabuwar ƙofar ruwa ce. Ka duba kwanan watan da ke jikin bututun kafin ka biya, domin irin wannan gam ba ya wuce kimanin shekara a ajiye, kuma zafin shago yana rage masa kwana. Tagar ma a cire ta ɗungurungum, a share gindinta, a sake zaunar da ita a kan sabon gam. Zagaye ta da gam daga waje alhali na ƙarƙashi ya mutu aikin banza ne.

Shawarar faiba tana da haɗari guda wanda mai ba da ita wataƙila bai lura da shi ba. Ruwan faiba da aka fi samu a kasuwa yana narkar da farin soso nan take, idan ya ɗiga ta tsagar sai ya bar kogo a ƙarƙashin falle. Ƙari a kan haka, faiba da alminiyam ba sa miƙewa daidai da juna, don haka bayan bazara ɗaya ko biyu bakin facin yakan ɗago. Faiba maganin rufin faiba ce. Masu motocin Amurka masu rufin roba kuma su kiyaye kwalta da fetur da kananzir, suna kumbura robar su lalata ta.

Shawarar mai walda kuwa ban goyi bayanta ba ko kaɗan, duk da na san da kyakkyawar niyya ya ba ka. Bangon ɗakin nan soso ne da siririn katako, ba shi da inda za a kafa ƙarfe ya riƙe. Baƙin ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku, kuma za a ɗora wannan nauyi ne a wuri mafi tsayi na motar da dama doguwa ce, wadda iska ke kaɗawa idan tirela ta gifta ta. Mafi yawan waɗannan motoci iyakar nauyinsu da kaya da mutane kilo 3,500 ne, kuma ɗakin ya riga ya cinye kaso mafi girma. Ga tartsatsin walda kusa da soso da busasshen filawud da bututun gas, wanda ke iya tayar da gobara cikin ƙiftawar ido. Ga zafin da kwano zai tara maka da rana. Kuma tunda maganar nauyi ta zo, idan kana ɗora buhunan albasa a saman nan, ina roƙonka ka daina, ba a ƙera shi don dako ba.

Abin da nake hasashe, bisa abin da ka bayyana, shi ne za ka tarar da ruɓa kewaye da tagar da kuma layi ɗaya da ya miƙe zuwa kusurwar gado, sauran rufin kuma da lafiyarsa. Idan haka ne, akwai hanya ta uku da babu wanda ya ambata maka cikin mashawartanka, wato a sauya ɓangaren da ya lalace kawai, daga ciki, a bar fallen waje a wurinsa. A cire batir da duk wata hanyar wuta tukuna. Kafinta mai haƙuri ya yanke silin har inda lafiyayyen katako ya fara, ya ƙara taƙi guda, ya fitar da ruɓaɓɓun sanduna da jiƙaƙƙen soso, a bar wurin a buɗe kwanaki yana shan iska. Sannan a saka busasshen katako wanda aka shafa wa maganin gara, a mayar da sabon soso, a rufe da sabon filawud, a tokare daga ƙasa da sanduna har gam ya kama. A kula da irin gam ɗin, domin mai ƙarfin warin nan na masu gyaran takalma yana cin soso. Sai a yi facin waje kamar yadda na bayyana. Wannan aiki ya fi faci tsada, amma bai kai rabin wahalar yaye rufi ba.

Sauya rufin gaba ɗaya yana zama dole ne idan ɗaya daga cikin abubuwan nan ya bayyana: hujin allura ya bazu a fallen ta wurare da yawa, ko rufin ya lotsa a tsakiya har ruwa na kwanciya, ko ruɓa ta cinye sandunan da ke haɗa rufi da bango ta gefe biyu. Ma'aunina shi ne idan abin da ya mutu ya haura kashi ɗaya cikin uku, gyara gutsure-gutsure ya zama asara. A nan sai a nemi falle guda na alminiyam ko na faiba wanda zai rufe daga gaba har baya, idan kuma dole sai an haɗa biyu, na gaba ya hau kan na baya don kada iskar gudu ta cusa ruwa a gaɓar. Amma kafin ka sa kuɗi a wannan, danna bangon da daɓen motar kamar yadda ka danna silin. Idan ruwan ya riga ya sauka cikinsu, sabon rufi a kan ruɓaɓɓen bango ba zai amfane ka ba, gara ka lissafa abin da injin da ƙafafun motar za su yi a kasuwa ka sake shawara.

Saura maganar lokaci. Muna tsakiyar damina, kuma katakon da ya sha ruwa ba zai bushe a watan Agusta ba. Abin da za ka yi yanzu shi ne ka tsayar da ƙarin ɓarna: ka samo mata rumfa, ko ka rufe ta da tamfol amma ka sa sanduna tsakaninsa da rufin don iska ta ratsa, ka buɗe tagogi duk ranar da aka yi rana, ka kuma cire firam ɗin tagar tun yanzu don katakon ya fara shan iska. Babban aikin ka bar shi zuwa ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, domin ƙura tana hana gam kamawa, shi kuma irin wannan gam da danshin iska yake bushewa, a tsananin bushewar hunturu yakan yi nawa. A yi manni da sassafe a inuwa, kafin ƙarfe ya yi zafin da hannu ba zai iya dafawa ba. Na san wannan lokaci ya zo daidai da kakar shinkafa, lokacin da ka fi bukatar motar, shi ya sa nake so ka sayi kayan aiki ka kuma daidaita da kafinta tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Abu ɗaya kuma, ko da wani ya ce a toshe tagar saman a huta, kada ka yarda. Kana girki da gas a cikin ɗakin kana kuma kwana a ciki, ta nan gurɓatacciyar iska ke fita.

TAMBAYA

Malam, ni direban Hiace ne a Zuru. Rufin motata ya yi tsatsa a inda ƙafafun kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a sama, ke zama, har ya huje wuri biyu. In cike da bodifila ko in nemi wani rufin a wurin masu kayan gwangwan?

Mai karatu daga Zuru

AMSA

Malam direba, taka ta fi sauƙi, domin rufin Hiace fallen baƙin ƙarfe ne guda, kuma shi walda ta halatta a kansa. Kada ka cike da bodifila a kan tsatsa, za ta ci gaba da ci a ƙarƙashi, bayan damina ɗaya ya kumbura ya faɗo. A cire silin na ciki da wayoyin da ke wurin kafin a kunna wuta, a yanke ƙarfen har inda tsatsa ta ƙare, a walda sabo mai kauri daidai da shi, a shafa jan fentin rigakafin tsatsa ciki da waje, sannan a yi fenti. Sauya rufin duka sai idan tsatsar ta zagaye magudanar ruwan da ke gefensa ko ginshiƙan sun lanƙwashe, domin su ne ke kare fasinja idan mota ta kife, Allah Ya kiyaye. Idan za ka mayar da kariyar, sa roba mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa, ka kuma rage lodin da kake ɗora mata.